Gonar Wa Ce?

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baba ya koma ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na ƙasa, a gidanmu da ke Ƙuba, a Madina. Bayan la'asar aka sallace shi a Harami tare da wasu gawawwakin da ba mu san ko na su waye ba, maza suka ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabartar Baƙi'a. Mata ba sa shiga, saboda haka ban ga inda aka sa shi ba. Ko na shiga ma ba zan gane ba, don a Baƙi'a ba a rubuta suna. Ɗan dutse ne a wajen kai, kamar na kowa. Shi ya sa na ɗauki biro. Ɗan karatun bokon da nake da shi, a Kano na same shi, lokacin da nake aure a can, kafin mijina ya rasu in dawo gidan Baba. Abin da na gani kawai zan faɗa, da abin da ya faɗa mini da bakinsa.

Kwana uku aka yi ana karɓar gaisuwa, daga magariba zuwa isha, yadda ake yi a nan: kujeru a jere a ƙofar gida don maza, mata a ciki, gahawa da dabino suna zagayawa. Gwaggo, yayar Baba, ba ta yi kuka ba. Ranar da ya cika, da aka buɗe mata fuskarsa, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Mara kunya. Ni ce babba, ka riga ni."

Wani tsoho ɗan Sudan, da suka yi shekaru suna hawan dabino tare a Awali, ya aiko a tambaye ni ko igiyar hawan Baba tana nan. Na zaro ta daga ƙarƙashin gado na aika masa. Aka ce ya ɗora ta a cinya har aka tashi. Wannan gaisuwar na karɓa.

Sauran kuwa, Allah Ya ba su ladan tahowa. Akwai wanda ya miƙe a cikin maza ya yi jawabi, muna ji ta taga, ya ce marigayin bawan Allah ne mai shiru-shiru, ba ruwansa da lamarin duniya. Gwaggo ta dube ni, na dube ta. Mutumin da kullum sai ya yi faɗa da talabijin kafin ya ci abincin rana! Akwai waɗanda ba su taɓa tsayawa sun gaishe shi a hanyar masallaci ba, ga su sun zo da waya a hannu, suna ɗaukar hoton kujeru, suna ɗaukar kansu suna matse ido ko hawaye zai fito.

A tsakiyarsu kuma ga Auta, ƙanena, magidanci mai 'ya'ya biyu, mai shagon gyaran waya a Sultana, mai shafin labarai da Hausa wanda ake kallo har Kano da Maraɗi. Ya sa waya a kan sanda yana bin layin kujeru. Shekara ɗaya da rabi ke nan Baba bai ce masa komai ba ban da amsa sallama. Kafin ya cika, Baba ya bar mini saƙo in ba shi, saƙon da yafiyarsa take ciki. Na zauna a bayan labule da saƙon a bakina, ina kallon sandar nan tana yawo, ban faɗa ba. Zan zo kan wannan.

Kakanmu da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Haɗeja, ya bi ta Sudan, bai koma ba. A nan aka haifi Baba, kuma tun bai kai tsawon jaki ba aka kai shi gonakin dabino na Awali. Sana'arsa barbarar dabino. Idan lokacin fure ya yi, sai ya hau namijin ya yanko furensa, ya hau macen ya cusa mata a cikin nata, ya ɗaure da ganye, ya sauko, ya hau ta gaba. Tafin ƙafarsa ya yi kauri har ƙaya ba ta shiga. Macen da ba a yi wa haka ba ita ma tana fitar da 'ya'ya, ka hango su daga ƙasa ka ce dabino ne. Amma ba su da ƙwallo, ba sa nuna, ba su da zaƙi, awaki ake zuba wa. A nan ana ce musu shis. Baba ya ɗauko wannan kalmar daga gona ya kawo ta gida, kuma ba a kan dabino ya fi amfani da ita ba.

Da ƙafa ta hana shi hawa, sai ya koma zaman gida. Bayan azahar ya jingina da filo ya kunna talabijin. Da zarar masu karanta labarai sun bayyana, da kwat da gyararren gashi, sai ya ce, "Ga 'yan kwalliya sun fito." A nuna hayaƙi a wata ƙasa, mutane na gudu, soja na harbi, mai kwat na ta zuba, Baba ya ɗaga hannu kamar yana tsayar da mota.

"Tsaya, tsaya. Gonar wa ce?"

"Baba, ba ya jin ka."

"Na san ba ya ji na, Uwata. Ko wanda ke gabansa ma ba ya ji." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Duk inda kika ga ana kashe-kashe, ki tona, za ki tarar da gona ko rijiya. In bai faɗi ta wa ce ba, shis ya ba ki."

Ba a littafi ya koyi wannan ba. Gonar da ya yi fiye da shekara arba'in yana aiki a cikinta, da mai ita ya rasu, magada suka sayar, aka sare dabinon aka yanka filaye. Bayan wani lokaci wata jarida ta buga hoton wurin, fili fetal sai ƙasa da motar gini, ta ce kango ne da aka raya. Auta ne ya karanta masa. Baba ya karɓi jaridar ya kai ta kusa da ido, ya nuna wani wuri da yatsa, ya ce nan wata macen dabino take, mai karkata, wadda ba ta yarda da kowa sai shi. Na ce, "Mai hoton nan maƙaryaci ne." Ya ce, "A'a, bai yi ƙarya ba. Abin da ya tarar ya ɗauka. Makara ya yi. Kuma da gangan ya makara."

Akwai ɗaki biyu a saman gidanmu da Baba yake ba ɗaliban jami'a masu iyali. Mun zauna da 'yan Ghana, mun zauna da 'yan Chadi. Sai wata shekara aka kawo mana wani saurayi da matarsa daga Chile. Baba ya tambaye shi ina ne nan, ya ce ƙarshen duniya, in ka wuce su sai ruwa da ƙanƙara. Daga ranar Baba ya sa masa Ɗan Nisa. Su biyun musulunta suka yi a can. Shi ɗan birni ne, ita kuwa 'yar ƙauye ce daga kudu, daga wata al'umma da ake kira Mapuche, waɗanda suke wurin tun kafin Turawa su sauka. Ta ce ma'anar sunan mutanen ƙasa.

Larabcinta a karye yake, Hausa kuwa babu, amma a kicin ba a rasa magana. Ta koya mini wata gurasa da ake toyawa a toka, na koya mata miyar kuka, ta ci don kunya. Ta ce garinsu ruwan sama ba ya ɗaukewa, amma yanzu da mota ake kawo musu ruwan sha. Na ce ta yaya? Ta ce ƙasar kakanninsu ta koma hannun wani kamfanin katako, an sare kurmi an shuka itatuwan turare layi-layi har iyakar gani, maɓuɓɓugan suka ƙafe. Da na kai wa Baba wannan, bai nemi ƙarin bayani ba. Ya ce, "Turare ɓarawon ruwa ne. Ko kusa da gonata ban yarda a dasa shi ba. Yarinyar nan gaskiya ta faɗa."

Wata safiya muka ji ihu daga sama. Na haura na tarar da ita a ƙasa, waya a gefenta. Yayanta ne. Tumakinsa sun bi ta ƙarƙashin shinge sun shiga filin kamfani, wurin da kaburburan kakanninsu suke, ya bi su ya koro su, masu gadi suka harbe shi. Ya mutu ya bar matarsa da 'ya'ya uku.

Da la'asar Baba ya aika aka kawo kujeru aka jera a ƙofar gida. Ya sa na dafa gahawa, ya aika wa maƙwabta. Gwaggo ta zo a fusace, ko mayafi ba ta cire ba.

"Ɗan'uwa, ka fara ruɗewa ne? Zaman makoki don wanda ba ya salla?"

"Na ce a yi masa salla?"

"To mene ne wannan?"

"Ƙanwarsa na sama tana kuka a gidana, uwarta na ƙarshen duniya. A zauna da ita na ce. In ba za ki iya ba, ga ƙofa nan, Yaya, ke kika san hanya."

Gwaggo ta yi tsaki, ta ce tun yana yaro haka yake, kan jaki gare shi. Sannan ta cire mayafi ta haura sama. Kwana uku tana zuwa, tana zama kusa da yarinyar, tana tura mata faranti. Baba kuwa ya kira Ɗan Nisa ya ce ya faɗa masa sunan mamacin. Suna ne mai wuya, harshen Baba ya ƙi ɗauka. Ya yi ta maimaitawa yana karya shi har ya zauna a bakinsa.

Kwanakin nan duka yana bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, yana jira a ambaci mutumin. Ba wadda ta ambata. Sai bayan kamar mako guda, wasu da ba a san ko su waye ba suka tare motocin katako a hanya suka cinna musu wuta. Ranar kam 'yan kwalliya suka farka. Aka nuno wuta tana ci, aka sake nunowa, aka zana taswira. Aka ce ta'addancin ƙabilar Mapuche ya sake ɓarkewa. Aka kawo wani mutumin kamfani mai farar riga ya yi jimami. Aka kawo wani masani yana zaune gaban littattafai a wani birni da ko iskar wurin ba ta kaiwa, ya ce mutanen nan ba sa son ci gaba. Ba a nuno mace ko ɗaya da jarka tana jiran motar ruwa ba. Ba a ce an kashe kowa ba.

Baba ya ce, "An harbe mutum ba su ji ƙara ba. An ƙona taya sun jiyo wari daga nan."

Kada a ce Baba yana bayan masu ƙone-ƙone. Ya ce direban ma ɗan wani ne, wanda ya cinna wutar ya yi ɓarna, a kama shi a hukunta shi. "Amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya nuna miki tsamin ya ɓoye miki abin da ya faɗa ciki, ba labari yake ba ki ba, aike aka yi shi." Ya kashe talabijin ɗin, abin da bai saba yi ba sai an kira la'asar.

A nan Auta ya shigo. Aikinsa a shafin nan ba wuya: ya kwaso abin da tashoshin Larabawa suka kwaso daga na Turawa, ya juya shi da Hausa, ya tsaya inda za a hango hasumiyar Harami a bayansa, ya karanta. Mutanen gida kuwa, duk abin da aka ce daga Madina ya fito, amin suke cewa. Ya lura wuta tana jawo masu kallo. Ya kuma tuna akwai ɗan ƙasar a saman gidan ubansa.

Ya zo da ladabi, da kwalin baƙalawa, alewar nan ta Larabawa. Ya ce yana so duniya ta ji ta bakin masu abin. Baba ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce, "Yau ka yi aikin mutane." A ɗakin baƙin Baba aka zauna, shi da kansa ya riƙa zuba gahawa, ni ina bayan labule ina miƙo buta. Ɗan Nisa ya yi magana kusan awa guda da Larabcinsa na makaranta, a hankali, yana neman kalma. Ya faɗi ƙasar, ya faɗi turaren, ya faɗi ruwan. Ya faɗi sunan surukinsa da tumakin da 'ya'ya ukun. Ya ce shi bai yarda da ƙona mota ba, addininsa ya hana, kuma yawancin mutanen matarsa kotu suke bi da takardu, shekara da shekaru. Auta ya yi ta juya tambaya ɗaya: to amma masu ƙonawar fa? Sau uku yana amsawa. A na huɗu ya gaji, muryarsa ta ɗaga, ya ce, "Na san abin da ya kai su. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa aka yi shiru, me kuke so ya yi?"

Wannan kaɗai Auta ya saka. Bai kai minti ɗaya ba. Ya haɗa shi da hoton wutar, da wani kiɗa mai tayar da hankali, ya rubuta a sama cewa wani ɗalibi a Madina ya goyi bayan 'yan ta'addan Mapuche.

Abin ya zaga duniya ya dawo mana. Abokan karatun Ɗan Nisa suka fara sauya hanya in sun hango shi. Sannan aka kira shi ofishin hukuma a yi masa tambayoyi. Wanda yake zaune a ƙasar nan da iƙama, wato takardar izinin zama, ya san abin da kalmar ta'addanci take yi wa mutum. Matarsa ta daina saukowa kicin.

Baba ya aika aka kira Auta. Bai ce ya zauna ba.

"Ina sauran maganar?"

"Abuya, ba wanda yake kallon awa guda. Wallahi haka kowa yake yi, manyan tashoshi ma haka suke yi."

"Manyan tashoshi a gidana suka sha gahawa?"

"Ni ban ƙara masa ko kalma ba. Da bakinsa ya faɗa."

"Da bakinsa ya faɗi tumaki. Suna ina? Da bakinsa ya faɗi sunan mamaci. Yana ina?" Baba ya faɗi sunan, a karye yadda ya iya. "Kai da kake tsayawa a gaban masallacin Manzo kana magana, tsofaffi a ƙauye suna cewa amin. Baƙona ne. A ƙarƙashin rufina. Ni na ce masa ya saki jiki, ɗana ne."

"Halas, Abuya, zan goge."

Ya goge kuwa, a ranar, ya dawo yana murmushi kamar wanda ya biya bashin salla. Baba ya ce, "Ka zuba guba a rijiya, ka zo kana nuna mini ka ɓoye kwalbar. Ka saka maganar duka. Ka ce wa mutanenka kai ka yanke ta." Auta ya ce in ya yi haka shafinsa ya mutu, ba wanda zai sake yarda da shi. Baba ya dube shi tun daga ƙafa har kai, ya juya fuska wajen bango.

Ranar da za a yi wa Ɗan Nisa tambayoyi, Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki sanda, ya ce a tsayar da tasi. Na ce ƙafarsa fa. Ya ce ƙafar ta hau abin da ya fi bene. Ɗan Nisa ne ya ba ni labarin daga baya. Ya ce sun zauna a baranda tun safe har kusan azahar, da aka kira shi Baba ya bi shi ciki ba tare da an ce ya shigo ba, ya ce wa mutumin da ke kan tebur, "A gidana aka yi maganar nan, ina zaune, ni na zuba gahawa. Yaron nan ya ce bai yarda da ƙone-ƙone ba, sau uku. Wanda ya yanke maganar ɗana ne na cikina. In akwai mai laifi, shi ne, sai ni da na haife shi."

Aka sallami Ɗan Nisa, ba a yi masa komai ba. Amma zaman bai sake daɗi ba. Da shekarar karatu ta ƙare suka haɗa kaya suka koma ƙasarsu, bai ƙarasa karatun ba. Ranar tafiya matar ta durƙusa gaban Baba tana kuka, ya ba ta ƙullin dabinon ajwa ya ce ta kai wa marayun.

Baba bai yi wa Auta baki ba. Bai kore shi ba. In ya yi sallama zai amsa, don amsa sallama wajibi ne, daga nan sai ya ci gaba da jan carbi. Salla ƙarama ta wuce, babba ta wuce. Auta ya turo matarsa, ya turo limamin unguwa, ya sayo masa sabuwar talabijin mai faɗin ƙofa. Baba ya sa aka jingine ta a kwalinta a bayan ƙyaure. Abu ɗaya aka ce ya yi, ya yi komai ban da shi.

Kwana biyu kafin ya cika, ina shafa masa man zaitun a ƙafa da hantsi, ya ce, "Uwata, ki faɗa wa ƙanenki. Ya saka maganar yaron nan duka, daga bismilla har ƙarshe, kada ya cire ko tari. Ranar da ya saka, na yafe masa duniya da lahira. Ba sai ina raye ba."

Na ce zan faɗa. Na ɗauka akwai lokaci. Da babu lokacin kuma, sai na ga sandar wayar nan tana bin kujeru, zuciyata ta ƙeƙashe. Na ce a raina bari in ga iyakar rashin kunyarsa. Wannan laifina ne, amana ce na riƙe har rana ta uku ta makoki, ina roƙon Allah gafara.

A rana ta uku da safe matar maƙwabcinmu ta nuna mini wayarta. Auta ya saka ta'aziyyar Baba a shafinsa. Ga hoton Baba da aka ɗauka yana barci a kujera, ga waƙar Larabawa mai sa kuka, ga Auta da jan ido yana cewa mahaifinsa ne ya koya masa faɗin gaskiya komai ɗacinta. A ƙasa mutane sun yi ta zuba addu'a, suna cewa ɗa na gari ya gaji ubansa.

Na aika aka kira shi kicin. Na rufe ƙofa.

"Ka yi wa Baba abin da ka yi wa Ɗan Nisa."

"Yaya, don Allah, ba yau ba."

"Yau. Ya bar maka saƙo." Na faɗa masa, kalma da kalma, har da tarin.

Ya jingina da firji. Ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun ran Lahadi. Ya ce, "Kika bar ni na sa shi a rami ban sani ba?" Na ce na bar ka. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Can ya ce, da Larabci, don in abu ya taɓa shi Hausarsa gudu take, "In na saka, na ƙare. Da shi nake ciyar da yara."

Na ce, "Kana da shago. Ni dai na sauke."

Aka kwashe kujeru. Mako ya wuce, na biyu ya wuce. Kullum in na idar da asuba sai in buɗe shafin nan da na tsana, in ga ambaliya a wata ƙasa, in ga wani ya auri mata huɗu rana ɗaya, in rufe. A mako na uku, ranar Alhamis, sai ga shi. Ba kiɗa, ba wuta, ba hasumiya. Auta zaune a bayan shagonsa cikin tarkacen wayoyi ya ce shi ya yanke maganar ɗalibin nan, ɗalibin bai goyi bayan kowa ba, ga ta nan duka. Ya rubuta Hausarta a ƙasa, layi bayan layi, kusan awa guda.

Masu cewa amin ba su zo ba. Waɗanda suka yi ta tura wutar har ta kori bawan Allah daga karatunsa, da aka kawo musu tumaki da rijiya, ba su da lokaci. Waɗanda suka kalla har ƙarshe, ina jin ba su kai yawan kujerun da muka jera a ƙofar gida ba. Wasu suka zage shi suka tafi. Shis suke so, shi suka saba ci.

Amma akwai abin da duk muka manta. Baba yana cikin ɗakin ranar. Ba a ganinsa, wayar ba ta kallonsa, sai dai ana jin sa. Ana jin ƙarar finjali. Ana jin tarinsa. Ana jin ya ce wa Ɗan Nisa, "Sha, kada ta huce." Wurin da aka zo kan shinge ana jin ya ce, "Tsaya, tsaya. Gonar wa ce?" Da aka faɗi sunan mamacin ana jin ya maimaita a hankali, a karye. Duk duniya ba mu da muryar Baba a ko'ina sai a cikin abin da Auta ya yanke ya yar.

Na tura wa matar Ɗan Nisa. Ta aiko da murya, ba magana a ciki, kuka ne kawai da ƙarar ruwan sama a kan kwano.

Gwaggo ta dawo gidanmu da zama. Kullum bayan azahar sai ta jingina da filon Baba ta ce in kunna mata ɗan'uwanta. Ba ta yarda a tsallake zuwa wurin tarin, daga farko take so. Yanzu ta san turare, ta san motar ruwa, ta san 'ya'ya uku ne. Jiya Auta ya zo ya tarar tana ji, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ba ta dube shi ba. Da aka zo kan sunan, Baba ya faɗa, ita ma ta faɗa, kuma ta fi shi iyawa. Sannan ta matsa gefe a kan tabarma, ta ce, "Shigo ka zauna, ɗan banza. Ubanka na magana."

Allah Ka jiƙan mai hawan dabino. Ka yalwata masa wurin da ba mu san inda yake ba, Kai Ka sani. Ka karɓi yafiyar da ya bari, Ka yafe wa wadda ta riƙe ta. Ka shayar da shi daga tafkin maƙwabcinsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.